Intanet na yanke mini a kwamfuta, alhali wayoyi suna aiki lafiya

Mai shagon cike fom, Funtuwa
Litinin da daddare

Assalamu alaikum. Barkanmu da warhaka, ya aiki ya iyali. Wata matsala ce ta fi wata biyu tana ci mini tuwo a ƙwarya, na yi iya yina ta gagare ni, shi ne na ce bari in kawo ta gaban waɗanda suka fi ni sani.

Ina da ɗan shago a layin masu gyaran waya da masu POS. Ina buga takardu, ina fotokwafi, amma abin da ya fi kawo mini na cefane shi ne cike wa mutane fom ta intanet, na makaranta, na jarrabawa, na neman aiki. Jarina kwamfuta ɗaya ce, laftof ta hannu da na saya shekara uku da suka wuce, da Windows 10 a kanta. Intanet kuma daga rauta nake ja, irin wadda ake saka wa layin waya. Tana ajiye bayan injin fotokwafi, daga can zuwa teburina bai wuce taku biyar ba. Na haɗa mata ɗan batirin nan na rauta, don haka ko an ɗauke wuta ba ta mutuwa.

Ga yadda abin yake. Ina cikin aiki sai shafi ya tsaya yana ta juyi. In na duba ƙasa kusa da agogo, wani lokaci alamar Wi-Fi tana nan kamar ba abin da ya faru. Wani lokaci ta rikiɗe ta koma hoton duniya, ta rubuta "No internet". Wani lokaci kuma sunan rautar ma ya ɓace daga jerin baki ɗaya. Bayan daƙiƙa ashirin, ko minti ɗaya, ko uku, sai ta dawo da kanta ba tare da na taɓa komai ba. Wata rana sau biyu kawai, wata rana ba na iya ƙirgawa.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da haƙuri ya faru ne ranar Alhamis. Wani dattijo ya taso daga ƙauye da 'yarsa, ranar ce ta ƙarshe ta cike fom ɗin makarantar da take nema. Na shigar da bayananta duka, na ɗora hotonta, ina ɗora takardar sakamakonta sai intanet ya yanke. Da ya dawo, shafin ya fitar da ni, sai daga farko. Sau uku ana haka. Dattijon bai ce mini uffan ba. Yana zaune a benci da ledar takardun a kan cinyarsa, jimi-jimi ya leƙa ƙofa ya dubi rana, domin motar garinsu ba ta wuce la'asar sakaliya. Yarinyar kuwa ta zuba wa allon ido ko ƙiftawa ba ta yi. Ƙarshe a wayata na ƙarasa musu, da ɗan yatsa a ƙaramin allo, har aka kira magariba. Na ƙi karɓar kuɗinsu. Ban san inda suka kwana ba, kuma abin bai bar raina ba har yau.

Abin da na riga na gwada: na kashe rautar na kunna ba adadi. Na goge sunanta daga kwamfuta na sake shigar da kalmar sirri. Na bar Windows ta yi binciken kanta, ta ce ba ta ga matsala ba. An ce ƙwayar cuta ce, na bincike kwamfutar tas, ba komai. Na cire layin da ke cikin rautar na sa na wani kamfani daban, bai canza zani ba. Abu biyu na lura da su. Na farko, ya fi tsananta idan an ɗauke wuta. Na biyu, wayata da ta yaron shagona suna kan wannan rauta ɗin, amma su ba sa yankewa.

Yanzu wani maƙwabcina ya ce in goge Windows ɗin gaba ɗaya a zuba sabuwa. Ni kuwa akwai takardun mutane da yawa a ciki, ba na son in yi aikin da ba shi ne magani ba. Don Allah wanda ya sani ya taimaka. Allah ya saka da alheri.

Ɗalibi a Zariya
Litinin da daddare

Wa alaikumus salam. Malam, sannu da fama. Ni ma na sha irin wannan a ɗakin kwananmu, shafi ya ƙi buɗewa alhali akwai data. Abin da ya yi mini magani canza DNS ne. Ka shiga saitin Wi-Fi ɗinka ka sa 8.8.8.8, na biyu kuma 1.1.1.1. Sannan ka buɗe cmd, wato baƙin allon da ake rubuta wa Windows umarni, da izinin mai gudanarwa ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ka kashe kwamfutar ka kunna:

ipconfig /flushdns
netsh winsock reset

Ni dai tun daga ranar ban sake ganin matsalar ba. Ka gwada, ba ya ɓata komai. In bai yi ba to wataƙila sabis ɗin unguwarku ne ke da cunkoso da rana.

Mai gyaran kwamfuta, Kaduna
Talata da safe

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, kafin komai, kada ka goge Windows tukuna. Mutane da yawa sun kawo mini kwamfuta bayan an goge musu komai, matsalar kuma tana nan inda take.

Shawarar ƙanenmu na Zariya tana da wurinta, amma ba na jin nan ne. Aikin DNS shi ne mayar da sunan shafi zuwa lambar da kwamfuta ke ganewa. 8.8.8.8 na Google ne, tun 2009 suka buɗe shi, 1.1.1.1 kuma na Cloudflare ne, tun 2018. Idan DNS ne ya sami matsala, kwamfuta tana nan manne da rauta, sunaye ne kawai ba sa buɗewa. Kai kuwa ka ce har sunan rautar yana ɓacewa. Wannan ya riga DNS faruwa nesa ba kusa ba.

Ka ɗauki abin kamar ruwan famfo. In ruwa ya ɗauke a gida, ko dai bututun cikin gidan ne, ko kuwa daga babban layi ne ba a sako ba. Intanet ɗinka ma zango biyu yake yi, daga kwamfuta zuwa rauta, sannan daga rauta zuwa turken kamfanin waya. Duk abin da ka yi zuwa yanzu, ka yi shi ne ba tare da ka san wane zango ne ke yankewa ba. Wannan za mu fara ganowa, kuma ba ya cin ko sisi.

Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta cmd, baƙin allo zai buɗe. Ka rubuta ipconfig, ka nemi layin da aka rubuta Default Gateway a ƙarƙashin Wi-Fi. Lambar da ke gabansa ita ce adireshin rautarka, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Sai ka rubuta ping, ka bar sarari, ka sa wannan lambar, ka bar sarari, ka sa -t. Misali:

ping 192.168.8.1 -t

Kada ka rufe shi. Ka buɗe wani baƙin allon na biyu ka rubuta:

ping 8.8.8.8 -t

Ka jera su gefe da gefe a kusurwar allo, ka ci gaba da aikinka. Kowannensu sallama yake aikawa duk daƙiƙa yana jiran a amsa. Na farko rautarka yake yi wa sallama, na biyu wata na'ura can a waje. Da zarar intanet ya yanke, ka dube su. In na farko yana samun amsa, na biyu kuma yana rubuta "Request timed out", to tsakaninka da rauta lafiya lau, matsalar daga rauta zuwa waje take. In duka biyun suka yi shiru tare, to ko rautar ma ba ka isa ba, kamfanin waya ba shi da laifi. In kuma duka suna amsawa amma shafi ya ƙi buɗewa, to nan ne maganar DNS ta shigo. Ka kuma lura da lambar da ke gaban time. Zuwa rautar da ke ɗaki ɗaya da kai bai kamata ta wuce ms 1 zuwa 5 ba akasari (ms ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa). In ka gama, Ctrl da C ke tsayar da shi.

Kada ka dogara da alamar nan ta kusa da agogo. Windows tana gane akwai intanet ne ta hanyar ɗauko wani ɗan ƙaramin fayil daga wani shafin Microsoft lokaci-lokaci, don haka sau da yawa sai an jima da yankewa kafin alamar ta canza.

Maganar wayoyi kuma, akwai tarko a ciki. Wayoyin zamani in Wi-Fi ya yi rauni sukan koma kan datar layinsu a ɓoye, kai kana ganin kamar suna kan rauta. Ka kashe datar wayar gaba ɗaya, ka bar ta da Wi-Fi kaɗai, ka kunna mata wani abu mai tafiya ba tsayawa kamar rediyo ta intanet, ka ajiye ta kusa da kwamfutar. Sai mu ji ko tana yankewa tare da ita.

Abu na ƙarshe, ka rubuta wannan sau uku ko huɗu a lokuta daban-daban:

netsh wlan show interfaces

Ka kawo mana abin da ke gaban Signal (ƙarfin sigina), da Channel (tashar da rautar ke kai), da Radio type (nau'in Wi-Fi ɗin), da Receive rate (saurin karɓar bayanai).

Mai shagon cike fom, Funtuwa
Talata da daddare

Injiniya, Allah ya ƙara basira. Na yi yadda ka ce tun ƙarfe goma na safe har bayan la'asar, na ajiye takarda da biro a gefe ina rubutawa.

Adireshin rautar 192.168.8.1 ne. Duk lokacin da intanet ya yanke, allunan biyu tare suke yin shiru, ba a taɓa samun ɗaya ya riga ɗaya ba. Kuma na ga wani abu da ban taɓa sani ba. Kafin ya yanke yakan ba da alama. Sai in ga amsar rauta tana zuwa 3, 4, 3, can sai ta yi tsalle 280, 600, 900 da wani abu, daga nan sai "Request timed out" su jeru kamar bakwai ko goma. Sau biyu kuma abin da ya rubuta "General failure" ne, a daidai lokacin ne sunan rautar ya ɓace.

Wayar kuwa na kashe mata data kamar yadda ka ce, na kunna karatun Alƙur'ani ta intanet na jingina ta da kwamfutar. Ko sau ɗaya bai tsaya ba, har lokacin da allunan biyu suka yi shiru.

Daga goma zuwa ɗaya da rabi akwai wuta, ya yanke sau uku. Da aka ɗauke wuta, daga ɗaya da rabi zuwa huɗu, na ƙirga sau goma sha ɗaya.

Ga abin da ɗaya umarnin ya nuna. Signal ya ba ni 46%, sannan 38%, sannan 52%, sannan 41%. Channel 6 ne kullum. Radio type 802.11n. Receive rate na ga 39, na ga 13, sau ɗaya har 6.5. Na kuma ƙirga sunayen Wi-Fi da wayata ke gani daga cikin shagon, goma sha bakwai ne, don kusan kowane mai POS a layinmu da ɗan rautarsa. Kwamfutar kuwa biyar kawai take gani.

Ɗan'uwa na Zariya, na gode, na sa DNS ɗin ma na bar shi, amma yankewar ba ta daina ba.

Malamar kwamfuta, Gombe
Laraba da safe

Assalamu alaikum. Malam, takardar nan da ka ajiye kana rubutawa ita ce ta yi rabin aikin. Sau uku da wuta, sau goma sha ɗaya babu wuta, alhali rautar tana kan batirinta. To mene ne ke canzawa idan an ɗauke wuta? Kwamfutarka ce ke komawa kan batir.

A tsarin wuta na Balanced, wanda yawancin laftof ke zuwa da shi, Windows tana barin katin Wi-Fi ya yi aiki da cikakken ƙarfi idan caja na jone. Da an cire caja sai ta sa shi tsimin wuta, ya riƙa ɗan runtsawa yana farkawa. Ita rauta tana sakin wata 'yar sanarwa ta "ina nan" kusan sau goma a kowace daƙiƙa, katin yakan farka ya saurare ta. Idan sigina na da ƙarfi ba wanda zai lura. Idan kuwa dama da ƙyar yake jin rautar, ga shi kuma yana gyangyaɗi, sanarwar za ta riƙa wuce shi har ya ɗauka rautar ta tafi, ya saki layi ya fara nema daga farko. A ɗakin kwamfutar makarantarmu na sha fama da wannan.

Wuri biyu za ka gyara. Ka shiga Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings. A jerin akwai Wireless Adapter Settings, a ƙarƙashinsa Power Saving Mode. Ka mayar da na On battery zuwa Maximum Performance. Sannan ka buɗe Device Manager, ka shiga Network adapters, ka danna sunan katin Wi-Fi ɗin sau biyu. In akwai shafin Power Management, ka cire alamar da ke kan "Allow the computer to turn off this device to save power". Batirinka zai ɗan rage jimawa, amma ga mai cike fom wannan ciniki ne mai riba.

In ka gama ka zaɓi Restart, ba Shut down ba. A Windows 10 akwai abin da ake kira Fast Startup, wanda ke sa Shut down ya adana halin da direbobin na'ura, wato manhajojin da ke tafiyar da sassanta, suke ciki ya dawo da su yadda suke. Restart ne ke tayar da su sabo fil.

Akwai kuma wani umarni mai amfani, a cmd da izinin mai gudanarwa:

netsh wlan show wlanreport

Zai haɗa maka rahoton kwana uku da suka wuce, duk lokacin da kwamfutar ta haɗu da rauta da lokacin da ta rabu da ita, da dalilin da ta rubuta. Zai nuna maka inda ya ajiye shi, ka buɗe kamar shafin intanet.

Wata magana a gefe, tunda takardun mutane ne a hannunka: ka kwafe su a wani wuri yau ɗin nan, ko da ba za a goge komai ba. Kuma ka sa a ranka cewa 14 ga Oktoba 2025 ce ranar da Microsoft ta sanya ta ƙarshen tallafin Windows 10. Ba ita ta jawo wannan matsalar ba, amma mai riƙe da bayanan jama'a ya kamata ya fara tunanin gaba.

Sai dai ban ce wannan zai kashe matsalar duka ba. Ko da wuta ai ya yanke maka sau uku.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi
Laraba da rana

Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni nawa ɗan kaɗan ne. Rauta goma sha bakwai a layi ɗaya ba wasa ba ne. Ƙananan rautocin nan galibi a zangon 2.4 GHz suke magana, kuma tashoshin da ba sa hawa kan juna a cikinsa uku ne kawai, 1 da 6 da 11. Ka sa manhajar duba Wi-Fi a wayarka ka ga inda maƙwabta suka fi cunkushewa, sai ka buɗe 192.168.8.1 kamar shafin intanet, ka shiga saitin rautar, ka mayar da taka tashar da ta fi sarari cikin ukun nan. In rautar da kwamfutar duka suna da 5 GHz, ka koma can, ya fi sarari, kuma taku biyar ba nisa ba ne gare shi.

Sannan ka fitar da ita daga bayan injin fotokwafi. Ƙarfe ne jibgege ka gindaya tsakaninka da ita. Ka rataye ta sama a bango inda kana zaune kana ganinta. Za ta kuma samu iska, don zafin rani kaɗai yana sa wasu su riƙa mutuwa suna tashi.

Ga 'yan'uwa na wajenmu masu Windows ta Faransanci da za su karanta wannan, wurin da Malama ta ambata sunansa Gestionnaire de périphériques, katin kuma yana ƙarƙashin Cartes réseau.

Mai gyaran kwamfuta, Kaduna
Laraba da yamma

Abin da Malama da ɗan'uwanmu na Maraɗi suka faɗa duk ka yi shi, daidai ne. Amma ni lamba biyu ne suka tsaya mini a rai: 46% a taku biyar, da kuma waya tana ganin goma sha bakwai kwamfuta tana ganin biyar.

Wannan kason da Windows ke nunawa yana ruɗin mutane. Ba ma'aunin kwano ba ne da za a ce 45 rabin 90 ne. A lissafin Microsoft, 100% yana daidai da -50 dBm (dBm ma'aunin ƙarfin sigina ne), sifili kuma -100 dBm, wato kowane kashi biyu dB ɗaya ke nan. Kowane dB 10 kuma ninki goma ne na ƙarfin sigina. A ɗaki ɗaya da rauta ya kamata ka ga 90% ko sama. Kai kana ganin wajen 40%. Tazarar dB 25 ke nan, ma'ana abin da ke isa katinka ya gaza abin da ya kamata ya iso da ninki sama da ɗari uku. Injin fotokwafi zai ci wani abu, amma da shi kaɗai ne da wayar da ka jingina da kwamfutar ma ta ji a jikinta. Kwamfutarka ce ba ta ji da kyau.

Shi katin Wi-Fi yana cikin gangar jikin laftof, ƙarƙashin madannai. Eriyarsa kuwa ba a nan take ba, tana can saman murfi, a gefen kyamara. Wasu siraran wayoyi ne ke haɗa su, biyu a yawancin kwamfutoci, ɗaya a wasu, galibi baƙa da fara. Suna tasowa daga katin, su bi ta cikin mahaɗar da murfin ke juyawa a kanta, su hau bayan allo. Kan kowace waya akwai ɗan maɓallin ƙarfe da bai kai ƙwayar dawa ba, wanda ake dannawa a kan katin.

To ga tambayata, Malam. Wata biyu ko uku da suka wuce, an buɗe kwamfutar nan? An canza allo, ko madannai, ko fanka?

Kafin ka amsa ma ka yi wannan gwajin. Ka ɗauki kwamfutar ka kai ta dab da rautar. Ka buɗe murfin rabi ka duba Signal, ka buɗe shi sosai ka sake dubawa, ka ɗan rufo shi ka sake dubawa. Lafiyayyar kwamfuta lambar ba za ta motsa sosai ba.

Mai shagon cike fom, Funtuwa
Asabar da daddare

Assalamu alaikum. Ku gafarce ni da na yi kwana biyu shiru, so na yi in tabbatar kafin in yi magana.

Injiniya, tambayarka ta faɗa daidai. Bayan ƙaramar sallah allon ya fashe, na kai aka canza shi. Ko kaɗan ban kawo a raina cewa allo yana da alaƙa da intanet ba, shi ya sa ban ambata ba.

Na fara da gyaran Malama ranar Laraba. Washegari da aka ɗauke wuta, yankewar ta sauko daga goma sha ɗaya zuwa huɗu. Na rataye rautar a bango, na mayar da ita tasha ta 11, sigina ya ɗan hau zuwa 55%. Sai na yi gwajin murfi. Kwamfuta na gaban rauta, tsakaninsu bai kai kamu biyu ba. Murfi a tsaye, 71%. Na tura shi baya sosai, 34%. Na dawo da shi, 68%. Sau biyar ina yi, amsa ɗaya. Nan na tuna cewa idan mai fom yana tsaye a kaina nakan tura murfin baya don ya ga abin da nake rubutawa. Haka na yi wa dattijon nan da 'yarsa ranar Alhamis ɗin makon jiya.

Jiya bayan sallar Juma'a na kai ta wurin wani yaro mai gyara a layinmu, na karanta masa abin da ka rubuta, na zauna a gefensa. Ya cire caja, ya kwance bayanta, ya fara zare wayar batir kafin ya taɓa komai. Ga katin nan ɗan ƙarami da lamba 1 da 2 a jikinsa. Baƙar wayar ba a danne take ba sam, tana kwance ne kawai a kan mazauninta, da ya hura iska sai da ta motsa. Ya daidaita ta da ɗan tsinken roba, ya danna a hankali har muka ji ɗan ƙas. Farar kuma a danne take, amma da ya bi ta zuwa mahaɗar murfin sai ga shi an ɗaure ƙarfen a kanta. Ta baje kamar an taka ta, rigarta ta yage, siraran zaren ciki sun fito. Ya ce wannan ba ta ɗinkuwa, sai dai a sa wata. Ya ciro ta jikin wata matacciyar kwamfuta irin tawa, ya bi da ita ta ramin da aka tanadar mata, ya buɗe murfin ya rufe sau da yawa yana kallo kafin ya ɗaure.

Yau tun safe allunan ping biyu suna buɗe. Signal 94% daga teburina, ko na tura murfin baya bai sauka ƙasa da 90 ba. Receive rate 144.4. Kwamfutar yanzu tana ganin sunaye goma sha tara, har ta fi wayar. An ɗauke wuta ƙarfe biyu, an dawo da ita bayan magariba. Allon rauta bai rasa amsa ko ɗaya ba, yana tsakanin 1 da 4. Na waje ya yi shiru sau biyu wajen ƙarfe huɗu, na daƙiƙa kaɗan, na rauta kuma yana ta amsawa, na gane wannan daga turken kamfani ne ba daga wurina ba. Na cike fom tara yau, ba wanda na maimaita.

Takardun mutane ma na kwafe su a wani faifai kamar yadda Malama ta ce. Injiniya, Malama, ɗan'uwa na Maraɗi da na Zariya, Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan magabata. Lambar wayar dattijon tana jikin fom ɗin 'yarsa, gobe in Allah ya kai mu zan kira shi in ji ko sunanta ya fito.